Injiniya, 120 ne ko 220?

Shekaranjiya a wurin ɗaurin aure a Garin Malam, ina tsaye cikin manyan mutane, hula ta zauna daram, sai na ji daga bayana an ce, "Injiniya, 120 ne ko 220?" Ko waiwaye ban yi ba. Mutum ɗaya ne duk Damagaram zai yi min haka, Autan Hajiya, wanda yanzu ya ajiye gemu da ƴaƴa uku amma ya kasa ajiye maganar nan. To bari in faɗa da bakina, tunda kowa yana ƙara mata gishiri.

Waɗanda muka tashi tare sun san ba a banza na ci sunan ba. Ni ke da Terminator a layinmu, na'urar wasan tele ɗin nan mai kaset rawaya da aka rubuta wa 9999999 in 1, alhali in ka ƙirga wasannin gaske da ƙyar su kai goma, sauran duk Mario ne aka sauya masa riga. Ni na iya zare wayar eriya daga bayan tele in cusa ta wasan, in bi tasha a hankali har yayyafin nan ya washe. Ni na kafa dokar hana hura kaset da baki, domin haƙoransa 60 ne, yawu ke sa su dafewa, maganinsu auduga a tsinke da ɗigon alkol. Adafta kuwa in ta yi zafi sai in zare ta in kwantar a gindin randa, saboda Baba in ya dawo daga masallaci ba ya tambayar kowa, adaftar yake taɓawa da bayan tele.

Hutun 2003 yayan abokina Dogo ya dawo daga Amurka da PlayStation, mai ruwan toka ɗin nan. Ya miƙa kwali, ya shige ɗaki ya kwanta. Aka aiko a kira ni. Kafin in iso yara sun fi goma sha biyar a tsakar gida, an fito da tele kan tebur, Hajiya, mahaifiyar su Dogo da Auta, na kan tabarma tana tsinke zogale, ga kuma ƴar ƙanwarta da ta zo hutu daga Maraɗi, wadda kun san ta, kun kuma san dalilin da ya sa na sako rigar sallah ranar Talata.

Na buɗe kwali. Na'ura, manet biyu na riƙewa a buga wasa, wayar hoto mai kai uku, rawaya da fari da ja, sai wayar wuta, sai wani baƙin ƙarfe mai nauyi kamar ɗan dutsen niƙa. Dogo ya ce, "Wannan fa?" Na juya shi sau biyu, na yi murmushin masana, na ce, "Wannan na tsofaffin injuna ne. PlayStation adaftarta a ciki take." Kuma wallahi rabin maganar gaskiya ce, a ciki take. Na ɗauki ƙarfen na tokare ƙofar ɗaki da shi don iska na ta bugo ta.

Na zo saka wayar wuta, ta ƙi shiga. Ƙafafunta faffaɗa ne, ramin soket ɗinmu kuwa zagaye. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce, "Hajiya, a ara min wayar rediyonki." Aka zaro ta daga bayan rediyo mai kaset, bakinta mai rami biyu kamar lamba 8, ta shige bayan PlayStation cif kamar don ita aka yi. Yara suka yi sowa. Na saci kallon ƴar Maraɗi, ta gani.

A nan ne Auta ya shigo. Shekararsa takwas, majina har leɓe, wando a karkace. Babu wanda ya sa shi, ya ɗaga na'urar ya leƙa ƙarƙashinta, ya bi takardar da yatsa, ya ce da ƙarfi, "Yaya, nan an rubuta 120."

Na ce, "Lambar kamfani ce."

"Akwai V a gabanta."

"Kai, ajiye kayan mutane. Ajinka nawa?"

Aka yi masa dariya, Dogo ya ƙwale shi a ƙeya, ya koma gefe yana ƙunƙuni. Na gyara zama, na naɗe hannun riga, na sa aka yi shiru don a ji kiɗan buɗewa. Har bismilla na yi a fili. Na ɗora babban yatsa kan POWER na danna.

Koren fitilar ta ɗan ƙyafta. Sai fat! Ba ƙara mai tsanani ba, kamar an fasa ledar ruwan sanyi da tafin hannu. Sai hayaƙi fari siriri ya fara fitowa ta gefen hagu, a natse, ba ya gaggawa, yana tashi ta gaban fuskata. Wari kamar an ƙona roba da busasshen kifi tare. Tsakar gidan nan ya yi tsit, har ina jin akuya tana tuƙa a bayan rumbu. Yatsana na nan kan maɓallin, na kasa ɗagawa, don ina ganin in na ɗaga shi ke nan abin ya tabbata. Hajiya ta ɗago kai daga zogale ta ce, "Ɗan nan, an gama haɗawar?"

Abin da ya fito daga bakina, har yau in na tuna cikin dare sai na ja bargo na rufe kai. Cewa na yi, "Haka suke yi in sababbi ne, sanyin Amurka take fitarwa." Sannan ni, ni da na hana duk layi hura kaset, na buɗe murfin faifai na sunkuya na dinga hura mata iska da baki, fuu, fuu, hayaƙin yana dawo min ido, hawaye na zuba. Ƴar Maraɗi ta toshe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Cikin shirun nan Auta ya ce, a hankali wannan karon, "Akwai V a gabanta."

Ranar Alhamis muka kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwar Dole. Ya kwance sukurori shida na ƙasa, ya ɗaga murfi, ya nuna mana allon wuta a gefen hagu. Fis ya yi baƙi ƙirin, babban kwandansa, ɗan gwangwanin nan mai tara wuta, ya kumbura, kansa ya tsage. Ya ce in karanta jikinsa. Na karanta, 200V. Ya ce wutar Amurka 120 ce, in ta shiga aka miƙar da ita takan kai wajen 170, kwandansan ya ɗauka lafiya. Tamu 220 ce, in aka miƙar da ita sai ta haura 300. Ya juya na'urar ya nuna min SCPH-5501, ya ce lambar ƙarshe ake dubawa: 1 ta Amurka ce, 2 ta Turai mai cin wutarmu kai tsaye, 0 ta Japan mai 100. Sai ya ce, "Ba ta zo da taransifo ba, mai rage wuta?" Dogo ya ce, "Baba, wani baƙin ƙarfe mai nauyi?" Ya ce shi. Dogo ya ce, "Yana tokare da ƙofa." Dattijon ya sauke tabarau ya dube ni, bai ce komai ba, ya ci gaba da hura wa kawiyarsa gawayi.

Ni fa har gobe yayan Dogo nake ƙullata. Shi ya tsaya a Kano ya sayi taransifon nan da kuɗinsa, ya san amfaninsa sarai, amma ya kasa buɗe baki ya faɗi kalma uku kafin ya kwanta. Barcin me? Mutumin da ya yi shekara huɗu yana karatu, ko ƴar takarda bai liƙa ba. Da ya tashi bai ko yi faɗa ba, cewa ya yi, "Ai na ɗauka akwai mai karatu a gidan," yana kallon Auta. Kuma shi ne ya kai labarin teburin mai shayi, inda ya koma wai wuta ta kama har darni, wai na tsallake katanga na bar takalmi. Takalmi ɗaya ne, kuma ta ƙofa na fita.

Dattijon ya ciro allon wuta daga wata ta Turai da idonta mai karanta faifai ya mutu ya dasa mata, jika uku. Terminator ɗina aka sayar aka biya. Da muka kunna, hoto ya fito fari da baƙi, don na'urar tsarin hoton Amurka, NTSC, take fitarwa, telen Hajiya kuwa ba ta san shi ba. Faifan wasan ƙwallo na Winning Eleven na kasuwa ma ya ƙi tashi sai da aka sake biya aka dasa mata cif mai sa ta karɓi faifan kwafi. Haka muka ƙare hutun, kowa ya tura Roberto Carlos gaba saboda gudu, ba ka bambance rigar Brazil da ta abokan karawa sai ka bi wando.

Kuma tunda allon Turai aka sa, ba a taɓa amfani da taransifon ba, ko sau ɗaya. Na faɗa wa Auta haka a wurin ɗaurin auren, ya ce a miƙo masa goro. Ƙarfen dai yana nan gidan Hajiya, da shi take danne murfin randa.