Ganin dutsen Aso ba shiga gidan zu ba ne

Wallahi da na san haka Abuja take yi wa wanda ba shi da mota, da kuɗin hutun nan shinkafa na saya na ajiye. Yau kwananmu huɗu da dawowa Kano, amma in na tuna tsayuwar da na yi a bakin titi da goyo a baya, yara biyu riƙe da gefen hijabina, sai raina ya sake ɓaci kamar yanzu abin ya faru.

Yara ne suka samu dogon hutu, Yayana da ke zaune a Mararaba, can gefen Abuja, ya ce mu zo mu yi mako guda. Tun a mota babbar 'yata ta zaro takarda, wai ta rubuta wuraren da za a kai su. Na ɗaya gidan zu, na biyu gidan zu, na uku ma gidan zu. Akwai na Abuja da ke Asokoro, sai guda biyu na Jos da malaminsu ya ba su labari, tunda ta ji an ce titin da ya ratsa Mararaba shi ne ya bi ta Keffi da Akwanga ya hau Filato. Na ce to, in mun isa ma zaɓa. Ni a wautata na ɗauka zaɓin zai tsaya ne kan dabbobi: ina ke da zaki, ina ke da inuwar zama, ina kuɗin shiga ya fi sauƙi. Ashe ba ni ce mai zaɓe ba, direbobi ne.

Sabo ne ya cuce ni. Mu a Kano gidan zu a cikin gari yake tun zamanin Gwamna Audu Bako, farkon shekarun 1970, har titin da ya wuce ta gabansa da sunansa ake kiransa. Ko daga Kurna kike, ko Hotoro, ko Kabuga, ki ɗaga wa mai adaidaita sahu hannu ki ce Gidan Zu, in bai nufi can ba zai gaya miki inda za ki sauka ki canja, ƙarshenta dai a bakin ƙofa za a dire ki. Mutane su yi ta tsokanarmu da labarin 2019, da aka ce goggon biri ya haɗiye naira miliyan 6.8, har gwamna ya fito ya ce ai babu ma goggon biri a gidan. Mun yarda, a yi dariya. Amma dai talaka na iya kai ɗansa wurin ba tare da ya sayar da akuya ba. Haka na ji 'yan uwanmu na Yamai suna faɗa game da gidan tarihin Boubou Hama, dabbobin na tsakiyar birni, kusa da kasuwa.

Ranar Talata muka sa. Yaya, kamar yawancin ma'aikatan Mararaba, da ya idar da sallar asuba yake fita, don in ya bari rana ta fito sai dai ya isa ofis ana shirin azahar. Kafin ya tafi ya leƙo ya ce, "Ki fita da wuri, kuma kada ki kuskura ki shiga motar da ba a tasha aka yi lodinta ba." Na ce, "To Yaya," ina ganin kamar tsoratarwa ce irin ta manya.

Rigimar farko a kan kujera aka yi ta. Ƙaramar mota ce, mutum huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Ɗan kamasho ya dube mu ya ce, "Hajiya, kujera nawa za ki biya?" Na ce uku, don kada yaran su matsu. Na biya uku cif. Ba mu kai Nyanya ba direban ya taka birki ya cusa mana wani ƙato mai jakar kwamfuta, sannan ya ƙara wata mata, ya ce wai in ɗora yarinyar a cinya. Na ce, "Malam direba, ai kuɗin kujerarta na biya." Ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Hajiya, kin san nawa ake sayar da litar mai?" Na sani mana! Wa bai sani ba? Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafi ya tafi, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa dubu. Amma ni ce na cire tallafin? In mai ya yi tsada ka ƙara kuɗin mota in sani, in ga ko zan iya. Ka sayar min da kujera, ka kuma sayar wa wani ita ina zaune a kai, wannan ba tsadar mai ba ce, zalunci ne tsagwaronsa.

Haka muka rarrafa a cunkoson Nyanya, muka hau tudun Kugbo ƙafa-ƙafa, zafin inji na dukan ƙafafuna, jaririn na tsala ihu. Tafiyar da in titi a buɗe yake ba ta fi ta rabin awa ba, sai da muka shafe kusan awa biyu kafin a zube mu a shataletalen AYA.

A nan ne fa aka yi ta. Ga dutsen Aso can a tsaye, ɗana yana nunawa yana tsalle, don an gaya masa gidan zun a gindinsa yake. Ganin Dala ba shiga birni ba. Na bi motocin da ke lodi ɗaya bayan ɗaya: wannan Wuse, wannan Area 1, wannan Kubwa. Duk wanda na ce wa gidan zu sai ya kalle ni sama da ƙasa, ya ga goyo, ya ga yara, ya ga kwandon abinci, ya gane baƙuwa ce, sai ya ce, "Can ai ba hanya ba ce, sai dai shata." Na tambayi kuɗin shatar, mutum ya buɗe baki ya ambaci abin da ya kusa kuɗin kujera guda daga Kano zuwa Abuja. Tafiyar da ake hango ƙarshenta da ido! Masu keke, wato adaidaita sahu, na can gefe, suka ce su cikin unguwa suke shiga, in suka hau babban titi kama su za a yi.

Na ciro waya na kira motar manhaja. Na farko ya amsa, ya kira ni ya ce kuɗin da manhajar ta nuna ba zai isa mai ba, in zan ninka ya zo. Na ƙi, ya soke. Na biyu ya bar ni ina kallon 'yar motarsa tana zagaye a fuskar waya minti ashirin, shi ma ya soke. Ana cikin haka wata mota mai duhun gilashi ta tsaya, mutum uku a ciki, direban na cewa, "Madam, shigo, hanyarmu ce." Wata baiwar Allah mai sayar da gyaɗa ta riƙo hannuna ta ce, "Yar uwa, kada ki shiga." Sai a lokacin maganar Yaya ta faɗo min, 'yan wan-cans ɗin nan da ke ɗaukar mutum kamar fasinja su kwashe masa waya, su tilasta shi ya tura musu abin da ke asusunsa, su wurgo shi daga mota. Ban ce su ba ne, Allah ne masani. Amma ku duba halin da aka jefa mutum: motar da ta yarda ta je ita ce abar tsoro, wadda ba a tsoro kuma ba za ta je ba.

Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Abuja ba gari ne da ya tsiro da kansa kamar Kano ko Zariya ba, balle a ce lunguna ne suka hana. Zama aka yi aka zana shi a takarda bayan dokar da Janar Murtala ya kafa a 1976, aka tare a cikinsa a Disambar 1991. Masu zanen sun tuna da titi mai layi huɗu-huɗu, sun tuna da gadoji da furanni, sun ware wa yara filin wasa da dabbobi. Yaran wa? Na masu mota. An hana acaɓa a tsakiyar gari a 2006, an kori ƙananan bas-bas a 2013, daga baya aka taƙaita keke. Ban ce a dawo da acaɓa ba, mu ma an hana shi a Kano tun 2013, amma mu an bar mana adaidaita. In ka ƙwace wa makaho sanda ai sai ka ba shi ɗan jagora. Manyan bas ɗin da aka ce su za su maye gurbi, tsawon tsayuwata a wurin guda ɗaya na gani, ita ma a cike maƙil har ƙofa.

Wani dattijo da ya ji ina mita ya ce, "Ai akwai jirgin ƙasa yanzu, 'yata." Na ce, "Baba, ina yake zuwa?" Jirgin da aka buɗe a Yulin 2018, ya tsaya lokacin korona, aka sake tayar da shi a Mayun 2024, daga tsakiyar gari yake tashi ya nufi Idu da filin jirgin sama, wani reshen ya yi Kubwa. Wato can yamma da arewa. Mu da muka fito daga gabas, inda dubban masu share ofisoshi da masu gadinsu ke kwana, ko ƙarar sa ba ma ji.

Ƙarshenta dai na ba da kai, na biya shatar bayan ciniki kamar na sayen sa. Ƙarfe ɗaya saura muka shiga. Gidan zun kansa ba ni da ta cewa a kansa: akwai bishiyoyi, akwai wurin wasa, dutsen ya yi wa wurin kwarjini. Mun ga jimina, mun ga birai da kada da wani ƙaton kunkuru. Sai dai yaron da ya kwana yana mafarkin wurin, muna zama cin abinci ya ɓingire da barci a kan tabarma, rabin dabbobin a bakin yayarsa ya ji labarinsu.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Shigowa aƙalla akwai wanda za ki yi ciniki da shi, fita kuwa babu kowa. Kowane iyali ya nufi motarsa, ƙofofi na rufuwa, mu muna tsaye kamar masu jiran sadaka. Direban da ya kawo mu, wanda ya rantse zai dawo ƙarfe huɗu, wayarsa a kashe. Hadarin Agusta ya haɗo. Muka taka da ƙafa zuwa babban titi, motoci na wucewa da gudu kamar an koro su, ruwa ya sauko mana a hanya. Da muka koma AYA lokacin tashi daga aiki ya yi, duk Mararaba da Masaka da Nyanya sun taru suna kokawar mota, kuɗin kujera ya ninka na safe. Mace mai goyo da yara biyu za ta yi kokawa da wa? Sai da wani saurayi, Allah ya yi masa albarka, ya tare min ƙofa da jikinsa muka samu shiga. Bayan isha'i muka isa gida, a jiƙe sharkaf, matar Yaya na tsaye a bakin get da fitilar waya.

Da daddare na baje sauran kuɗin a kan katifa na ƙirga. Abin da na kashe a mota ranar ya ninka kuɗin shiga da na alawa da na lilo sau da yawa. Na kira babbar na ce ta kawo takardarta. Na Jos guda biyu ne: ƙaramin da ke jikin gidan tarihin da aka buɗe a 1952, wanda ke cikin gari, da kuma babban gandun da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8, can gefen gari. Ita babban take so, wai a can dabbobi ke da sarari. Ni kuwa da na ji kalmar gefen gari sai da gabana ya faɗi. Ban tambayi ko akwai giwa ba, tambayata ɗaya ce: in mun fito, wa zai ɗauko mu?

Yaya ya ce in bari sai Asabar ya roƙi aron motar abokinsa. Asabar ta zo, abokin ya ce motar na gareji. 'Yata ta ɗauki biro da kanta ta soke layi biyun, ta ninke takardar ta tura cikin jakar makaranta, ba ta sake yi min maganar ba har muka hau motar Kano.