Bashin Baba Ɗan Boko Ya Tashi Canjaras

Baba Ɗan Boko ya dire kofin shayinsa na uku a kan tebur da ƙarfi, na farkon ma bai biya ba.

"Abin kunya! Ƙasa guda ta kwashi 'yan wasa 14 ta tura Niyuzilan, bakwai daga cikinsu ba su taɓa buga Tes ba, wato dogon wasan kurket na ƙasa da ƙasa. Har kyaftin ɗin, Neil Brand. Ranar da ya fara sa rigar ƙasarsa, ranar ya ja ragama. An taɓa naɗa ladan limami kafin ya koyi alwala?"

"Baba, wannan magana fa tun Fabrairun 2024 ce," in ji Ɗan Indiya. Shekara uku ya yi yana karatu a can, ya dawo da takardar shaida ɗaya da kaɗa kai iri bakwai. "Ta wuce."

"A wurinka ta wuce. Ni ko daren jiya sai da na farka da ita."

Ɗan Ƙwallo ya ɗago kai daga wayarsa. "Wai wace ƙasa ce? Chelsea?"

"Afirka ta Kudu, jahili. Kurket ake magana."

"Oho, wasan nan da ake sa fararen kaya kamar za a je ɗaurin aure, a tsaya a rana ana kallon juna?"

Baba bai tanka masa ba. Akwai mutanen da yake ganin ko zagi asara ne a kansu.

Ɗan Indiya ya gyara zama. "Acca, bari in yi maku bayani. Suna da gasarsu ta gida, SA20, ƙungiyoyi shida, kuma duk shidan na masu ƙungiyoyin IPL ne, babbar gasar kurket ta Indiya. A 2024, a watan Janairu da Fabrairu aka yi ta. Sai jadawali ya ɗora tafiyar Niyuzilan a daidai lokacin. Gasar nan ita ke kawo wa hukumarsu kuɗi, sai aka ce manyan 'yan wasa su zauna gida. Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

"Su kuma yaran da aka tura?"

"To, an ci su biyu da nema. Na farko da tazarar maki 281."

"Ka ji ko! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Niyuzilan ba ta taɓa cin Afirka ta Kudu a jerin wasannin Tes ba tun da aka halicci kurket, sai da aka kai mata a faranti. Ɗan wasan Niyuzilan Kane Williamson shi kaɗai sai da ya haura maki ɗari sau uku. Da a zamaninmu ne..."

Mai Shayi ya rage wutar risho. Duk wanda ya san teburin nan ya san in Baba ya ce "a zamaninmu", sai a tanadi kananzir.

"A 1964, a kwaleji, ni nan na tsaya gaban sanduna tun hantsi har la'asar. Maki 31, ba a fitar da ni ba. Bature malamin wasanni sai da ya cire hularsa."

"Yallaɓai, shekaranjiya 11 kuka ce," in ji Mai Shayi.

"Zuba shayi, kai ba alƙalin wasa ba ne."

Ɗan Ƙwallo ya ce, "Ni dai a gaya mini, minti nawa ake yi?"

"Minti? Kwana biyar."

"Kwana me?"

"Biyar. Kullum jifa 540, shida-shida sau 90. Ana tafiya cin abincin rana na minti 40, a dawo, can da yamma a tafi hutun shan shayi na minti 20."

Mai Shayi ya saki ludayi. "A tsayar da wasa saboda shayi? A doka?"

"A doka."

"Wallahi wannan wasan masu hankali ne. Ɗan Ƙwallo, ku naku in an tafi hutu ruwan leda kuke sha. Yallaɓai, su can suna biya kafin su koma fili ko sai an tashi?"

Baba ya yi kamar hayaniyar titi ta hana shi ji.

"To bayan kwana biyar ɗin wa ke ci?" Ɗan Ƙwallo ya sake tambaya.

"Wani lokaci babu. Canjaras."

"Sai a je bugun fanareti?"

"Sai a gaisa, kowa ya tafi gida."

Ɗan Ƙwallo ya kalli sama yana neman inda zai ajiye wannan labari, bai samu ba.

"Shi ya sa nake ce maku T20 ita ce zamani," in ji Ɗan Indiya. "Jifa 120 kowane ɓangare, awa uku an gama. Ga kiɗa, ga wasan wuta, ga kuɗi. Wa ke da kwana biyar a wannan marra? Ko kuna da lokacin, ina wutar da za ku kalla? A layinmu in ta kwana biyar a jere ai sai an yi walima."

Nan kam ba wanda ya musa. Har mai faci da ke gefe ya ce amin, bai ma san a kan me ba.

"Yaro, da tsohuwar zuma ake magani. Tun 1877 ake buga Tes. Abin nan naku na awa uku indomi ne, ka ci yanzu, an jima kana hamma. Matsalar ba tsawon wasa ba ce, rabon ne babu adalci. Indiya da Ingila da Ostireliya in sun haɗu da juna sai su buga biyar-biyar, su raba kuɗin talbijin. Sauran kuwa a jefa musu biyu-biyu kamar sadakar Juma'a. Daga 2023 zuwa 2025, a gasar duniya ta Tes, Ingila ta buga 22, Afirka ta Kudu 12. Wasa biyu ai ba jerin wasa ba ne, gaisuwar mutuwa ce: ka shiga, ka yi addu'a, ka fito."

"To amma Baba, wa ya ɗauki kofin?"

Baba ya kurɓi shayi.

"Baba, na ce wa ya ɗauka? A filin wasa na Lord's, Landan, watan Yunin 2025?"

"Shayin nan ya yi sanyi."

"Afirka ta Kudu ɗin nan da kuke zagi! Suka doke Ostireliya. Markram ya buga 136, kyaftin Temba Bavuma yana ɗingishi da ciwon cinya ya ƙi fita har ya yi 66. Rabonsu da babban kofi tun 1998. To in jadawalin ya cuce su, yaya aka yi suka ci?"

"Ai ni na faɗa tun farko za su ci."

"Kai Yallaɓai!" in ji Mai Shayi. "A kan bencin nan kuka ce in sun ci a aske muku gemu."

"Na ce a rage. Kuma da sun bi jerin sunayen da na rubuta, da a kwana uku sun gama."

Ya zura hannu a aljihun kwat (kwat ɗin ta girmi Ɗan Indiya da iyayensa) ya zaro wata takarda da ta sha ninki. Kowace tafiya sai Baba ya zaɓi nasa 'yan wasa goma sha ɗaya, na kowace ƙasa, ba wanda ya sa shi. Biyu daga cikin na wannan takarda sun yi ritaya, ɗaya kuma ɗan Zimbabuwe ne.

"Zaɓen 'yan wasa ilimi ne. Ni na san zafin abin. A 1965 an cire sunana aka sa ɗan wani hakimi da bai san gaban sandar bugu da bayanta ba. Ni da na buga 71 ba a fitar da ni ba!"

"Ya koma 71," Mai Shayi ya gaya wa butar shayi.

"Wannan kam ba sai kurket ba," in ji Ɗan Ƙwallo. "Ni ma na je gwaji sau huɗu, kullum sai a ce wa ya turo ka. To wai mu Najeriya muna buga kwana biyar ɗin?"

"Ƙasashe 12 ne kawai ke da izini, ba ma ciki," in ji Ɗan Indiya. "Amma 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun ci Niyuzilan da maki biyu a Malesiya, Janairun 2025."

"Niyuzilan ɗin da ta yi wa su o'o dukan kawo wuƙa? To me ya hana a ari 'yan matan namu a tura?"

Ana cikin dariya sai ga wani dattijo da sanda ya tsaya sayen burodi. Ya ƙura wa Baba ido.

"A'a! Na-sha-biyu! Kana nan da ranka?"

"Wane ne Na-sha-biyu?" in ji Ɗan Indiya, yana kaɗa kai iri na takwas.

"Shi mana. Ajinmu ɗaya. Mutum goma sha ɗaya ke shiga fili, na sha biyu shi ke kai musu ruwa da tawul. Shekara huɗu ba a taɓa samun mai riƙe tire kamarsa ba, ko ɗigo ba ya zubarwa."

Mai Shayi ya miƙo hannu biyu. "Ashe Yallaɓai abokin sana'a ne! To tunda ɗan gida ne, ga littafi." Ya buɗe shafin da sunan Baba ya cinye. "Kofi 42, ban da burodi."

"Nawa ka ce?"

"Arba'in da biyu."

Baba ya miƙe tsaye, ya gyara kwat, fuskarsa ta yi haske kamar an biya fansho.

"Ikon Allah! Kun san wasan Durban na 1939? Ingila da Afirka ta Kudu, aka ce ba iyaka, sai an samu gwani. Aka fara ranar 3 ga Maris, har 14 ga wata ana abu ɗaya. Ingila na neman 696, ta kai 654. Saura nawa?"

Ɗan Indiya ya lissafa da yatsu. "Arba'in da biyu."

"To a nan aka tsaya, don jirgin ruwan da zai mai da su gida ba zai jira ba. Aka gaisa, aka rubuta canjaras." Ya ɗaga wa wani mai Keke Napep hannu. "Ga nawa jirgin nan."

"Yallaɓai, ni T20 nake bugawa! Awa uku a biya!"

Baba ya riga ya shige, ya leƙo da kai ta gefe. "Gobe da hantsi za a ci gaba, in ba a yi ruwa ba. Ka ajiye mini bencina."