Ranar da Kaura ya haihu

Gyaɗa ce ta jawo mini wannan abin kunya. Da kaka ta yi na sayi buhu 6 na jibge a ɗakin zaure, da niyyar in jira farashi ya tashi in sayar wa mata masu mai da ƙuli-ƙuli. Ashe ɓerayen unguwar Zariya sun riga ni yin lissafi. Da dare sai ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana ɓarar gyaɗar biki. Na sa tarko, suka cinye kifin suka bar mini ƙarfen. Uwargida ta hana a sa guba saboda yara da kaji. Sai na ce to, muzuru zan nemo.

Wani yaro a bakin babbar kasuwa ya ce yana da shi. Ya kawo mini a cikin buhu, ya rantse cewa uban wannan muzuru har gafiya yake kamawa. Na leƙa, na ga idanu biyu kamar garwashi, jiki dabbare-dabbare, fari da baƙi da ja. Na ba shi jika ɗaya da rabi, na hau kabu-kabu, buhun na motsi a cinyata. Ɗaga jela in duba? Ban yi ba. Wa ke ɗaga jelar jarumi?

Tun a hanya na raɗa masa suna Kaura, don tunawa da Kaura Hasau, barden Maradi da har yau ake ba da labarin yaƙinsa. Da magariba na sanar wa majalisarmu ta shayi cewa zamanin ɓera ya ƙare a gidana.

Kwana uku na farko Kaura ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ɓera biyu ya ajiye mini a bakin ƙofa. Daga nan sai ya yi murabus. Wata safiya na tarar ya yi amai a kan tabarma, washegari ma haka. Na ce canjin abinci ne. Har na ɓallo farasitamol zan jiƙa masa, uwargida ta riƙe mini hannu ta ce, "Malam, dabba ba mutum ba ce." Allah ya saka mata, don daga baya likita ya gaya mini ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Bayan aman sai ci ya buɗe. Tuwo, kan kifi, ƙanzo, madarar yara, har kilishin da na ɓoye a aljihun riga. In ya ƙoshi sai ya bi rana ya miƙe. Ɓeraye na wucewa ta gabansa kamar masu zuwa gaisuwa, shi kuwa sai dai ya bi su da ido ɗaya. Ga wani sabon hali: jarumin da ya zo yana huci ya koma goga kai a ƙafata, yana gurnani, yana neman cinya. Abokaina suka fara kiransa kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi.

Autata, mai shekara 6, ita ta fara tona asiri. Tana shafa masa ciki sai ta ƙwala kira, "Baba, zo ka ga nonon Kaura, sun yi ja!" Na duba. Lallai sun kumbura, sun yi jaja-jaja, gashin da ke kewaye da su ya ja baya. Uwargida ta kalle su, ta kalle ni, ta ce, "Malam, anya muzurun nan naka..." Na katse ta. Na ce muzuru ma yana da nono, ni kaina ina da su, kuma ba wanda ya taɓa zargina da komai. Maganar gaskiya ce, muzuru na da nono. Sai dai na yi amfani da gaskiya don in kare ƙarya.

Bayan kamar mako biyu ciki ya fito sosai. Ba ƙiba ba ce irin ta mai cin daɗi, wadda ke bin wuya da ƙafafu. Wuyan na nan yadda yake, cikin ne kaɗai ya bazu hagu da dama, in ka kalle shi daga sama kamar jaki da mangala. A majalisa aka yi shawara. Wani ya ce tsutsar ciki ce. Wani ya ce ɓera mai guba ya ci. Mai shayi ya ce baki ne, don na cika yabonsa a bainar jama'a. Na fi yarda da ta mai shayi, domin ita ce ba ta taɓa mutuncina ba.

Inna, tsohuwar da muke katanga ɗaya, ta shigo aron rariya ta gan shi kwance. Ko sunkuyawa ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗan nan, mussar nan taka wata nawa?" Na ce, "Inna, namiji ne." Ta yi dariya har sai da ta dafa bango, ta ce ta haifi 9, ta karɓi haihuwar da ba ta san iyaka ba, in wannan namiji ne to ita ma a saya mata rawani.

Don in kunyata su duka na sa Kaura a kwali na kai shi wurin likitan dabbobi, na ce a ba ni maganin tsutsa. Likitan bai ma gama buɗe kwalin ba ya ce, "Alhaji, ai mace ce." Na ce ya duba dai da kyau. Ya ce kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ja, kusan kullum mace ce, da wuya ƙwarai a samu namiji. Ya ɗaga jelar da na ƙi ɗagawa, ya nuna mini. Sannan ya shafa cikin a hankali, ya gargaɗe ni kada in je gida ina latsawa, ana iya yi wa ƴaƴan lahani. Ya ce cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, wato mako 9, jan nonon nan kuma wajen mako na uku yake bayyana. Da muka ƙirga, sai ga shi da cikinta na sayo ta. Ya ƙara da cewa kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4, kuma ciki ɗaya na iya zama na muzuru fiye da ɗaya. Wannan bayanin na ƙarshe ban tambaye shi ba. Ya ce a ƙara mata abinci, kada a ba ta wani magani sai da saninsa, a tanadar mata kwali da tsumma a lungu mai duhu.

A hanyar gida na yanke shawarar ba zan faɗa wa kowa ba. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Na ce wa uwargida likita ya ce "ana lura da shi".

Sanyin hunturu ya shigo, Kaura ta fara bincike. Ƙarƙashin gado, bayan randa, cikin kwallar uwargida, ko'ina sai ta shiga ta juya ta fito. Kwalin da na shirya mata a ɓoye kuwa, sau ɗaya ta shinshina shi ta wuce. Ranar wata Alhamis ta ƙi abinci gaba ɗaya, tana kai da komo tana kuka ƙasa-ƙasa. Da dare ta ɓace.

Juma'a da safe akwai ɗaurin auren ɗan aminina. Na je ɗauko babbar rigata ta shadda, wadda aka bugo tun Laraba na ajiye a akwati. Na tuna ban rufe murfin sosai ba. Na ɗaga, sai ga Kaura kwance a tsakiyar aikin wuya, ƴaƴa 5 jere a cikinta, idanu a rufe, suna tsotso. Biyu baƙaƙe, ɗaya ja, ɗaya fari, ɗaya kuma sak wani muzuru mai yagaggen kunne da nake gani a kan katangar Inna, abin da ya nuna mini cewa ba daga nesa yaron kasuwa ya samo hajarsa ba. Ta ɗago kai ta yi mini wani huci, irin wanda na yi wata biyu ina jira ta yi wa ɓera.

Autata ta ruga waje tana shela, "Kaura ya haihu! Kaura ya haihu!" Kafin in sa tsohuwar kaftanina, Inna ta shigo da guɗa. A wurin ɗaurin aure mutum uku suka yi mini barka kafin su yi wa uban ango, mai shayi kuma ya tambaya ko rago nawa za a yanka ranar suna.

Ƴaƴan sun buɗe ido bayan kwana 10. Likita ya ce in ban kula ba tana iya sake ɗaukar wani cikin tun ba ta yaye waɗannan ba, shi ya sa yanzu nake gadin katanga da sanda. Gyaɗa ta koma buhu 5 da rabi. Jiya da dare na ga ɓera a zaure, na je na taso Kaura, ta yi hamma ta koma cikin rigata.