Wai in sa hannu cewa ba na neman aiki

Jiya da yamma, a ofishin samar wa ɗalibai aiki na makarantarmu, aka turo mini takarda aka ce in sa hannu cewa ba na neman aiki. Ni da na nemi aiki a kamfani 31 tun farkon zangon nan. Na kwana, na tashi, zuciyata ba ta daina tafasa ba.

Duk wanda ya zauna ajin MBA, wato digiri na biyu a harkar gudanar da kasuwanci, a lokacin ɗaukar ma'aikata ya san abin da makaranta ke komawa. Abokin da kuka raba dare kuna haɗa aikin rukuni ya daina gaya maka inda zai je intabiyu. Guruf ɗin aji ya zama allon sanarwa: wane ya samu, wance ta samu. Ka rubuta "Allah ya sanya alheri", kuma har zuciyarka kake nufi, sannan ka shiga banɗaki ka wanke fuska don kada a gane. Mun haƙura da wannan. Mun haƙura da murmushin dole a taron gabatar da kamfanoni, da intabiyun da ake jefo maka matsalar wani kamfani ka warware cikin rabin sa'a a gaban mutumin da ke duba agogo, da zagaye huɗu da ke ƙarewa da shiru, da saƙon imel ɗin da kwamfuta ke turowa tsakar dare wai an yi nazari mai zurfi a kanka. Amma abin jiya tura ce ta kai bango.

Na ƙwanƙwasa, na shiga, na gaishe da jami'in ofishin. Bai ɗago ba.

"Yallaɓai, na zo ne a kan kamfanin da na yi zagayen ƙarshe da su makon jiya. Har yanzu ban ji komai ba."

"Lambarka?"

Shekara biyu ina sintiri a ofishin nan, shi da kansa ya gyara mini takardar tarihin aikina sau uku, amma sunana bai zauna masa ba. Na faɗi lambar. Ya daddanna kwamfuta.

"Sun rufe tun Litinin."

"Ba wanda ya sanar da ni, Yallaɓai."

"Da sun ɗauke ka, da ka ji."

Kwana uku ke nan ina kwana da waya a hannu, ina zabura duk ƙarar da ta yi, ashe magana ta ƙare tuni, shi ya sani, bai ga na kai a rubuto mini layi ɗaya ba. Na haɗiye. Na tambaye shi ko akwai sauran kamfanonin da za su zo. Maimakon amsa sai ya jawo aljihun tebur ya zaro takarda, ya turo ta da yatsa biyu.

"Ku 11 kuka rage, kuna ɓata mana lissafi. Zaɓi ɗaya ka sa hannu."

Zaɓi uku ne a jiki: zan kafa kasuwancina, zan ci gaba da karatu, na dakatar da neman aiki don dalilin kaina.

"Amma Yallaɓai, ai ina nema."

"Wa ya hana ka nema? Ka nema da kanka a waje. Wannan ta rahoto ce kawai."

"In na ƙi fa?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni, daga takalmi har kai. Ya ce, "Malam, ka je ka binciki kanka. Kamfani 31 ba za su taru su yi kuskure a kanka ba."

Ashe ya san adadin. Sunana ne kawai bai sani ba. A gaban ɗalibai biyu 'yan shekarar farko ya faɗi wannan, suka sunkuyar da kai, kunya ta kama su a madadinsa.

Na san abin da takardar nan take yi, domin lissafi aka koya mana a makarantar. Rahoton da makarantun kasuwanci ke fitarwa yana ƙidaya kashi nawa cikin masu neman aiki suka samu, galibi zuwa wata uku bayan kammalawa. Wanda ya ce ba ya nema ya fita daga lissafin ke nan. A cire mu 11, sai adadi ya haura, a buga shi da manyan baƙaƙe, a jawo sabbin ɗalibai da shi kamar yadda aka jawo ni. Jaridar Financial Times tun 1999 take jera makarantun MBA, kuma albashin tsofaffin ɗalibai shekara uku bayan gamawa yana cikin abubuwan da suka fi nauyi a ma'auninta. Matsayin nan makarantu ke bautawa. A aji ana karantar da mu gaskiya a rahoton kuɗi, a ofishin da ke ƙasan ajin ana neman in yi ƙarya da sa hannuna.

Kuma wai in binciki kaina! A farkon 2025 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa kashi 23 cikin 100 na masu neman aiki da suka gama MBA a Harvard a 2024 ba su samu ba bayan wata uku. Su ma duk lalatattu ne? A 2023 manyan kamfanonin ba da shawara kan harkar kasuwanci sun ɗage ranar fara aikin waɗanda suka riga suka ɗauka da watanni. Kasuwa ce ta tsuke, kowa ya sani, amma an bar jaki ana dukan taiki.

Ina hukumomin da ke ba makarantu izini? Suna iya ƙirga kujeru da littattafan laburare, amma ba sa iya kiran ɗalibi ɗaya su tambaye shi ko da son ransa ya ce ba ya neman aiki? Kamfani ya yi ƙarya a tallan sabulu sai a ci shi tara. Makaranta ta sayar wa matashi alkawarin aiki da adadin da aka yi wa kwaskwarima, ya ciwo bashin da zai yi shekaru yana biya, ba mai cewa uffan. Gwamnatoci sun iya buɗe taro a kan matasa da aikin yi, sun kasa kafa doka ɗaya da za ta tilasta a binciki waɗannan rahotanni.

Mu ma da namu laifin. Mu ne ba ma tambayar ɗalibi me ya koya, sai nawa za a ba shi. Dangi na kira, gaisuwa ba ta ƙarewa sai an ce "To, ya maganar aikin?" Wata 'yar ajinmu ta daina ɗaga wayar mahaifinta mako uku. Wani ya daina fitowa daga ɗaki sai dare. Makarantar da ta iya shirya walima don wanda ya fi kowa albashi ba ta da mutum ɗaya da zai ƙwanƙwasa ƙofarsa ya ce yaya kake.

Takardar tana cikin jakata. Ya ce in dawo da ita kafin Juma'a. Zan mayar masa da ita yadda ya ba ni, ba ɗigon biro a jiki, ya ƙirga ni cikin waɗanda suka nema ba su samu ba, domin abin da ya faru ke nan.