Kafin ka zaɓi garin da za ka yada zango, tambayi fasfonka

Daren jiya a fadarmu ta nan unguwar Zariya, ana zuba shayi na biyu, ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, duba mini nan." Umara zai tafi, karonsa na farko, kuma mai sayar da tikiti ya turo masa hanyoyi uku daga Yamai zuwa Jidda: ta Istanbul, ta Adis Ababa, ta Kazablanka. Kowace da jiran jirgi na biyu mai tsawo, daga awa goma zuwa sama, don irin waɗannan tikitin sun fi sauƙin kuɗi. Ya ce tunda dai jiran ba makawa, yana so ya fita ya ga gari. Kafin in buɗe baki samarin fada sun yanke masa hukunci, kowa Istanbul, Istanbul, saboda abin da suke gani a fina-finan Turkiyya. Na ce musu su dakata. Mun yi musu har shayi ya ƙare, na kwana da maganar, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta nan.

Da farko, na ji daɗin tambayar yaron. Mu mutanen Maraɗi tafiya gadonmu ce. Alhazanmu sun san Dubai, sun san Gwanzu ta ƙasar Sin kamar yadda suka san Jibiya, amma tambayi da yawansu me suka gani a garuruwan da suka ratsa, sai a ce maka kujerun filin jirgi. Mutum ya yi awa goma sha huɗu a miƙe kan benci, ya tada kai da jakarsa, alhali bayan gilashin nan akwai garin da wataƙila ba zai sake takawa ba har abada. Kakanninmu fatake ba haka suka ɗauki zango ba. In ayari ya sauke, ana shiga kasuwa, a gaida malamin gari, a ji farashi, a ga yadda mutane ke gini da noma. Abin da suka dawo da shi ba goro kaɗai ba ne.

To amma ga inda na saɓa da samarin. Gari ba da hotonsa ake zaɓensa ba. Abu na farko shi ne: ɗan sandan da ke bakin ƙofa zai buga wa fasfon Nijar tambari ya bar ka ka fita, ko kuwa? Na taɓa yin wuni guda cur a filin jirgin Istanbul tare da wani dattijo abokin mahaifina. Tun daga Yamai yake cewa, "Ɗana, in mun sauka ka kai ni kabarin Abu Ayyubal Ansari." Ba mu nemi biza ba, muna zaton tikitinmu ya isa. Bai isa ba. Muka zauna muna kallon jirage suna tashi suna sauka, shi yana jan carbi, bai ƙara tada maganar ba. Allah ya yi masa rasuwa bai sake bin hanyar ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

Ba wai Istanbul ba ta cancanci a gan ta ba ne. Ayasofiya tana nan, ginin shekara ta 537, wanda ya zama masallaci bayan Sultan Muhammadul Fatih ya ci birnin a 1453, aka mai da shi gidan tarihi, sannan aka dawo da salla cikinsa a 2020. Daura da shi ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6. Kamfanin jirgin Turkiyya ma yana da shiri na kewaya da fasinjoji cikin gari kyauta, ga wanda jiransa ya kama daga awa 6 zuwa 24. Sai dai motar tasu bayan shingen ƴan sanda take, wanda ba shi da izinin shiga ƙasar ba zai kai gare ta ba. Kuma sabon filin jirgin da aka koma a 2019 yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsohon gari, ga cunkoso. Wanda ya riga ya sami biza tun a gida, bismilla. Wanda bai samu ba, kada ya sayi tikitin jiran awa goma sha biyar don yana mafarkin Ayasofiya.

Adis Ababa ita ce hanyar mafi yawan ƴan kasuwarmu, musamman masu zuwa Sin, kuma ita ce aka fi rainawa ba bisa haƙƙi ba. Filin jirgin Bole a cikin gari yake, mintoci kaɗan ka shiga tsakiyar birni. Kamfanin jirgin Habasha kan ba wa mai jiran awa 8 zuwa 24 masauki, in dai babu jirgin da ya fi kusa, amma ka tabbatar an rubuta maka wannan tun wurin sayen tikiti. Akwai kasuwar Markato da babban masallacin Anwar a cikinta, kasuwar da in ka shiga za ka ga babbar kasuwarmu kamar rumfa ɗaya. A garin ne aka kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka ranar 25 ga Mayun 1963, Diori Hamani yana cikin waɗanda suka sa hannu. Abu biyu kawai nake ja wa mutanenmu kunne a kai. Garin yana kan tudu, sama da mita 2,300, da dare sanyinsa ya fi na hunturunmu shiga ƙashi, kada ka fita da ƴar shara. Na biyun ya fi haɗari: Habashawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, abin da muke kira ƙarfe 7 na safe su ƙarfe 1 ne. In direba ya ce zai dawo ya ɗauke ka ƙarfe kaza, nuna masa agogon wayarka ku daidaita, in ba haka ba jirgi ya tafi ya bar ka kana shan gahawa.

Amma ni abin da na ce wa yaron shi ne Kazablanka. Na san abin da za a ce. Mai zuwa gabas me ya kai shi yamma? Gaskiya ne, hanya ce ta zagaye, awannin da za ka yi a sama sun fi yawa, kuma dattijo mai ciwon ƙafa ko mace mai goyo ban ba su wannan shawara ba. Ga saurayi mai ƙarfi wanda ya ce gari yake son gani kuwa, ban ga wadda ta kama ƙafarta ba.

Dalilin farko, Maroko na cikin ƙasashe ƙalilan a wajen yankinmu da ɗan Nijar ke shiga ba biza. Ƴan uwanmu na Katsina da Kano sai sun nema, mu kuwa fasfo ya wadatar. Wannan alfarma ce da muke riƙe da ita a aljihu, da yawanmu ba su ma san da ita ba. Duk da haka a riƙa tambaya kafin tafiya, don lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka da suka karɓa a ƙarshen 2025 sun sa wa ƴan Nijar sharaɗin cika takardar izini ta intanet na ɗan lokaci.

Na biyu, jirgin ƙasa a ƙarƙashin filin jirgin yake. Ka sauka bene, ka yanki tikiti, ƙasa da awa ɗaya kana tashar da ke bakin tashar jiragen ruwa, tsohon gari na gabanka. Ba cinikin tasi da wanda ba ka jin harshensa, ba fargabar cunkoso a kan hanyar dawowa, wadda ita ce ke hana mutum sakin jiki. Faransancin da muka koya a lakwal yana aiki, wanda ya yi makarantar Larabci ma ba zai ɓata ba. Lokacin da na je, agogonmu da nasu ɗaya ne, ban taɓa wayata ba.

Na ukun shi ne wanda ya fi tsaya mini a zuciya. Daga tashar na hau ƴar jar tasi zuwa masallacin Hasan na Biyu. An buɗe shi a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani sashen ginin a kan ruwan teku yake, kana alwala kana jin igiyar ruwa na dukan bango. Cikinsa na ɗaukar mutum 25,000. Duk wannan na ji labarinsa kafin in je. Abin da ban shirya masa ba shi ne lokacin da liman ya tada sallar magariba ya kama karatu da ruwayar Warshu, irin wadda malaminmu ya biya mana a makarantar allo a Bagalam, har yadda yake karya wasulan. Aka sallame, sai jama'a suka zauna suka ɗauki izu ɗaya da murya ɗaya, kamar gardawa a tsangaya. Na leƙa Alƙur'anin da ke hannun na kusa da ni, rubutun nan ne namu, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙafun da ɗigo ɗaya a sama. Malikiyya ne kamarmu. A nan na gane da idona cewa karatun da ke allunanmu ta wannan hanyar ya ratso hamada ya iso mana. Na yi nisan dubban kilomita daga gida na tarar da tushen abin da na bari a gida. Istanbul za ta burge ka, ban musa ba, amma ba za ta yi maka wannan ba.

Ƴan uwa Tijjanawa, na san inda zuciyarku ta tafi, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas. Kada ku gwada ta a jiran wuni ɗaya. Jirgin ƙasa daga Kazablanka zuwa Fas kusan awa 4 ne, zuwa da dawowa sun cinye awa 8 ba ka yi ziyara ba. Mai wannan niyya ya ce a raba masa tikiti, ya kwana biyu a ƙasar, ya yi ziyararsa a natse.

Wannan ya kawo ni ga lissafin da mutane ba sa yi. In an ce jiranka awa 10 ne, ba awa 10 gare ka ba. Cire ɗaya ta sauka da layin ƴan sanda. Cire uku, don ya kamata ka dawo filin jirgi da sauran lokaci mai yawa. Cire biyu na hanya, zuwa da dawowa. Saura huɗu. Awa huɗu ta isa wuri ɗaya, da salla, da abinci a zaune. Wanda ya ce sai ya ga wuri biyar, taura biyu ce yake son taunawa, ƙarshenta ba abin da zai tuna sai gudu. In jiran bai kai awa 8 ba, ni ban fita. In kuma cikin dare ya faɗo, gari a rufe yake, ka nemi masauki ka yi barci. Shi ya sa lokacin saukar jirgi ya fi yawan awannin muhimmanci: awa 10 da ta fara da hantsi ta fi awa 16 da ta fara bayan isha'i.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke ɓata tafiya. Ka tabbatar tun Yamai an ɗaura wa kayanka takardar Jidda, ba ta garin zango ba, kuma katin shiga jirgi na biyu yana hannunka. Sefa ba ta da kasuwa a can, ka canza kaɗan zuwa yuro tun a gida, kusan sefa 656 ne yuro ɗaya. Katin rigakafin shawara ya zauna cikin fasfo. Haraminka kuwa a ƴar jakar hannu, kada ya bi manyan kaya, don jirgi zai ratsa miƙati kana sama. Kuma ka tuna ka riga ka sha mota fiye da kilomita 600 daga Maraɗi, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kafin ma ka ga jirgi. Ka isa Yamai da kwana ɗaya a gaba ka huta, gajiyayye ba ya ganin gari ko an kai shi.

Da safen nan yaron ya biyo ta shago ya ce, "Kawu, na ce a riƙe mini ta Kazablanka, muna sauka da safe, mu tashi da dare." Na ce to, masallaci tukuna, ya yi azahar da la'asar a can. In lokaci ya rage masa ya hau tasi zuwa unguwar Habus inda masu sayar da littattafai suke, ya sayo wa kakarsa Alƙur'ani bugun Warshu mai manyan baƙi, don nata ya tsufa kuma idonta ya fara rauni. Na ba shi kuɗin a hannu.