Yadda Na Shanya Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Rana

A ƙasan wata adaka ta marigayi kawuna, tsakanin tsofaffin takardun makaranta da wata rigar sanyi da asu ya gama da ita, na tsinci kwamfutar da ya dawo da ita daga karatu a Ingila. Commodore 64 ce, irin wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1982, kuma duk jikinta bai wuce akwatin madannai mai kauri ba, domin ba ta da fuska tata, sai dai a jona ta da talabijin. Da na ga filoginta mai ƙafa uku ya shige soket ɗin bangonmu ba gardama, sai na ɗauka cewa sauran aikin ma haka zai tafi.

Na sauko da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya daga saman kabad, na soka wayar a ramin eriya, na kunna. Jar fitilar kwamfutar ta kama, amma talabijin ba ta nuna komai ba sai ɗige-ɗige baƙi da fari, tana ta shuuu kamar ana zuba gero a kwano. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na kwana uku ina karance-karance a intanet, na fito da ilimin da ya fi ƙarfina.

Abin da na koya gaskiya ne, amfani da shi ne ya gagare ni. Ƙwaƙwalwar wannan na'ura iri biyu ce. Akwai RAM, wadda a tawa 'yan aisi (ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu) takwas ne jere, masu lamba 4164, kuma halinsu halin allo ne: ana ɗauke wuta an wanke. Akwai kuma ROM, wadda ita ce hadda, an dasa ta tun daga masana'anta kuma ba ta gogewa. Aisi uku ne ke riƙe da ita: ɗaya mai kilobayit 8 (ma'aunin girman ƙwaƙwalwa) yana ɗauke da BASIC, yaren ba kwamfuta umarni wanda aka samo daga Microsoft, ɗaya mai kilobayit 4 yana ɗauke da siffofin haruffa, na ukun kuma, shi ma mai kilobayit 8, shi ne KERNAL, wanda ke tashin na'urar daga barci ya gaya mata inda madannai suke da inda fuska take. Da na karanta cewa in KERNAL ya mutu na'urar ba za ta ce uffan ba, sai na yanke masa hukunci ba tare da sauraron shaidu ba. Rashin sa'a ya sa a fanel ɗina yana zaune ne a cikin soket, domin da a ce da dalma aka liƙe shi, da tsoro ya hana ni taɓawa, da kuma na huta.

Na sami wani dattijon mai gyara da ke da na'urar rubuta irin waɗannan aisi. Ya zaƙulo EPROM, wato irin ROM da ake iya rubuta wa da na'ura, mai lamba 27C64 daga wata gwangwani, ya rubuta mata KERNAL, ya haɗa mini da 'yar adafta saboda ita ƙafafunta 28 ne alhali na asali 24 gare shi, sannan ya manna wata sitika a bayanta. Ya ce, "Alhaji, ka kula da wannan takardar." Na amsa da to, ina tsammanin rasit yake nufi.

Da daddare ina jujjuya ta a hannu ina yi wa iyali bayani, sai ta suɓuce ta faɗa cikin kofin shayi mai madara. Na tsamo ta da cokali, na wanke ta da sifirit, sitikar da ta jiƙe kuma na ɓare ta, da yake ni mutum ne mai yi wa masu barin leda a kujerun sabuwar mota dariya. A ƙarƙashinta sai ga wata 'yar taga ta gilashi, zagayayya, ana hango wani ɗan murabba'i yana ƙyalli a ciki da siraran wayoyi da ba su kai kaurin gashi ba. Na kira kowa ya leƙa. Washegari da safe, domin kada laima ta rage a ciki, na ɗora ta a saman katanga, tagar tana kallon sama, a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake yi. A ranar aka kira ni biki a Zariya, daga biki aka zarce gaisuwar rasuwa, daga nan kuma mantuwa ta karɓi ragamar, har aisin ya yi mako biyu cur yana shan rana.

Da na tuna da shi na sauko da shi, na daidaita 'yar tsagar da ke gefensa da ta soket kamar yadda aka koya mini, na kunna, talabijin ta ci gaba da zuba geronta. Na koma wurin dattijon da shirin faɗa. Ya dubi tagar tsirara, ya dube ni, ya sa aisin a na'urarsa, sai ga FF, alamar gurbin da aka goge, ta cike gurabe da dama inda ya kamata a ga umarni. Ya bayyana mini cikin haƙurin da ya fi zagi zafi cewa an yi tagar ne musamman domin a goge abin da ke ciki da hasken ultrabayolet, wanda akwai shi a cikin hasken rana, cewa fitilarsa ta gogewa takan gama aikin cikin kusan minti ashirin, ni kuwa na ɗauko rana kyauta na sa ta yi shi a hankali. Ya ƙara da cewa, "Alhaji, shekara da shekaru ina ganin masu ƙona aisi, amma mai shanya shi kamar kuɓewa yau na fara gani." Yaran shagon suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa.

Na dawo gida na mayar da tsohon KERNAL mazauninsa, ba don ina sa rai ba, sai don kada ya ɓata, na kunna na'urar karo na ƙarshe na tafi alwala. Ƙaramar 'yata ta shigo neman katun, ta ɗauki rimot ta danna maɓallin da ke sa talabijin ta lalubo tashoshi da kanta. Ina tsakar gida na ji ta tana cewa, "Baba, talabijin ta zama shuɗiya!" Na shigo da ruwa a gwiwar hannu na tarar da rubutu ɓaro-ɓaro, har da kalmar READY da ɗan murabba'i yana ƙyafta ido a ƙasanta. Ashe irin wadda aka sayar a Ingila tana aika hotonta ne ta tasha ta 36, kamar wani ƙaramin gidan talabijin, ni kuwa tun ranar farko ban taɓa kai talabijin can ba. Ɗige-ɗigen ma da kansu shaida ne cewa ba ta kama komai ba, domin mataccen KERNAL baƙar fuska yake bayarwa.

Uwargida ta zo ta tsaya, ita da ke riƙe da lissafin cefane, ta karanta abin da ke fuskar a hankali. Ta ce, "Malam, a nan an rubuta 64K, a nan kuma 38911 ne suka rage. Ina sauran?" Na fara yi mata bayani cewa kilobayit 64 bayit 65,536 ne, kuma BASIC da KERNAL da wasu sassan na'urar ne suka zauna a kan wani ɓangare na guraben ƙwaƙwalwar, shi ya sa ba a ba mai amfani duka ba. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta aiki yarinyar ta duba saman katanga ko akwai ragowar da na manta ban kwashe ba.