Nauyin katako ba shi ne ingancinsa ba

Masu sha'awar aikin kafinta da yawa, idan sun je gwanjon katako, sai su ɗaga falanki su ji nauyi, su ce wannan shi ne mai kyau. Sau da yawa ruwa suka ɗaga. Ɗanyen icen da aka sare kwanan nan, ruwan cikinsa kan kai rabin nauyinsa, alhali katakon da za a yi kujera ko teburi da shi ana so ruwansa ya sauko zuwa kashi 8 zuwa 12 cikin 100.

Bushewar kuma ba ta gaggawa. A inuwa, an jera shi da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, falanki mai kaurin inci ɗaya kan ɗauki kusan shekara.

Abin da ya fi damuna shi ne katakon kudu, irin iroko, da ake kawowa arewa. Ya saba da laimar can. Hunturu na shigowa sai ya tsage daga bakinsa, ya lanƙwashe. Kafin ka yi tayi, duba bakin falankin, ka tambayi yaushe aka yanka shi.